Tsagar Bangon Malam Labaran

Malam Labaran magini ne a Limancin Kona. Shekara arba'in yana kwaɓa ƙasa da ƙafarsa, damina ba ta taɓa riskar gidansa bai yi yaɓe ba. Kullum da ɗakin yayarsa Batul yake farawa, don shi ke bakin lambatu, ita kuma ƙafa ta ƙi, wuni take a kwance.

Tun da aka ɗaga titi lambatun ya toshe. Ruwa ya riƙa kwana a gindin bango, har tsaga ta fito wadda yatsa zai shiga. Mutanen unguwa suka rubuta koke, Suhaib, mai yi wa ɗan majalisarsu hidima, ya karɓa. Bayan mako biyu ya dawo da fara'a.

"Baba, an karanta a majalisa, an ba kwamiti. Za su zo su gani da idonsu. Amma don Allah kar ka taɓa tsagar nan. In ka liƙe, me za mu nuna musu?"

"Hadari ya fara haɗuwa, Suhaibu."

"Kafin ya sauka sun zo."

Labaran ya riga ya jiƙa ƙasa, ya zuba ciyawa. Ya bar ta ta bushe a tsakar gida.

Sai ya koma bin rediyo. Majalisa na zama, amma kan kuɗin tafiyar da kanta: man janareta, gyaran rufin zauren, da motocin da kwamitoci za su riƙa fita da su. Wani ya ce in ba mota, ba fita. Wani ya ce abin da aka ware bai kai ba, a sake dubawa. Aka ɗage zama.

"Labaran, bangon nan yana magana," in ji Batul wata safiya.

"Me yake cewa, Yaya?"

"Ni za ka tambaya? Wa ye magini a gidan nan?"

Ya ce ta koma ɗakin matarsa. Ta ce a nan aka yanke mata cibi, shi dai ya yi aikinsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon tsagar, wadda yanzu hannu ke shiga. Ya ce a ƙara mako ɗaya.

Ran Alhamis bayan la'asar ruwa ya sauko, Labaran yana masallaci. Bangon ya faɗa cikin ɗakin. An zaro Batul da rai, ta kwana uku ta cika.

Ranar sadakar bakwai Suhaib ya zo. Ya yi gaisuwa, ya sunkuyar da kai, ya ce an amince da kasafin, motoci sun iso, kwamiti na tafe ran Litinin. Ya saci kallon tarin ƙasar bangon ta ƙofar zaure.

"Ban kwashe ba," in ji Malam Labaran. "Su zo."