Jirgin da Muka Koya wa Shiru

Ranar Laraba ce a ƙarshen bazara, shekarar da na cika goma sha huɗu, Turawa suna kan mulki tukuna. Ina bakin rijiyar unguwarmu a Haɗejia ina ɗora wa jakinmu tuluna, sai na hango wani abu yana tahowa ta hanyar Malam Madori, yana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Ƙafafu huɗu ne a ƙarƙashinsa, babu kai. Ƙananan yara suka watse da gudu, mata suka ajiye guga. Da ya matso sai muka ga mutum biyu ne suka kifa shi a ka kamar akushi. Suka tambayi gidan Bukar masunci. Na ce mahaifina ne, na bar jaki a nan na shige gaba.

Jirgin ruwa ne na alminiyam, wannan farin ƙarfe marar nauyi, tsawonsa bai fi gaba biyu da rabi ba, gindinsa a shimfiɗe kamar faranti, da benci uku a ciki. Na wani Bature ne mai sayen gyaɗa a tashar jirgin ƙasa, wanda Baba ya sha yi wa jagora zuwa harbin agwagin ruwa. An yi masa canjin gari, jirgin kuma ya daki kututture ya tsage a ƙasa kamar tsawon taƙi guda, shi ne ya ce a kai wa Bukar.

A lokacin ba a cika ganin kwalekwale a wajenmu ba, don ba mu da manyan itatuwan sassaƙa. Gora ake hawa. Masunci zai kifa cikinsa a kan ƙaton gora, yana tuƙi da hannu da ƙafa, kifin da ya kama yana jefawa ta bakin goran. Baba gwani ne a wannan, har kurkunu ya fito masa a gwiwar dama. Ya kwanta wata biyar, da ya tashi ƙafar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Damina biyu ke nan yana zaune gindin tsamiyar ƙofar gida yana ɗinkin tarun wasu.

Abin da ke hana shi sakewa shi ne mashiginmu. Wani ɗan kwari ne inda ruwan kogi ke ratsawa ya shiga fadama in ya yi ambaliya, kuma ta nan kifi ke komowa in ruwa ya fara janyewa. Kakana da ya taso daga bakin Tafkin Chadi shi ya fara kafa gura a wurin, wato tarkon kifi da ake saƙawa da tsinke. Da kifin wannan mashigi ake cika mana rumbu, da shi ake yi mana kayan salla. Al'ada kuwa ita ce, wurin da mai shi ya bari damina biyu, a ta uku Sarkin Ruwa yakan ba wani. Ba a kuma ba yaro marar aure. Sai magidanci ya je da kansa ya kafa da hannunsa. Sarkin Ruwa, tsoho ne da idonsa ya yi rauni ƙwarai, ya riga ya aiko da magana a hankali: "A gaya wa Bukar ina jin nauyinsa, amma masu jira sun yi yawa."

Baba ya dogara sanda ya zagaya jirgin sau biyu. Ya sa yatsa a tsagar. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Kai ne ƙafafuna, ni ne kanka. Kafin ruwa ya iso, za mu shiga wannan abin."

Muka fara da abin da muka sani. Turmi in ya tsage, akushi in ya bushe ya dare, jiƙa shi ake yi ya kumbura, tsagar ta haɗe. Na ja jirgin har gurbin da ya rage a cikin kogi, na cika shi da yashi ya nutse. Kwana uku na tono shi, tsaga tana nan. Baba ya ce bai ƙoshi ba ne, a mayar. Muka ba shi mako guda. Da na fito da shi, gansakuka ce kawai ta ƙaru. Masu wanki a bakin kogi suka yi ta dariya, wani ya ce in haɗa masa da dusa ko zai yi ƙiba.

Na biyun laifina ne. Na ce ai ƙarfe ne, a kai maƙera. Maƙerin unguwarmu ya yi gardama, na dame shi har ya yarda. Muka jingina gindin jirgin a bakin wuta, ni ke zuga. Muna jiran ya yi ja kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi, a ɗauko guduma. Bai yi ja ba, bai nuna wata alama ba. Sai kawai ya narke ya zube kamar man shanu, tsaga ta zama rami, tafin hannuna yana wucewa. Na dawo gida na kasa shiga, na tsaya a zaure. Baba ya ji labari, sai ya ce, "To, yanzu mun san abu biyu da ba ya so. Shigo ka ci tuwo."

Inna ce ta warware mana. Tana wanke ƙore a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Abin da ba ya kumbura, ba ya ƙeruwa, ai ɗinke shi ake yi. Ku kira gyartai." Mati gyartai mai ɗinkin fasassun ƙore taubashin Baba ne, ba su haɗuwa sai sun tsokani juna. Ya zo da jakarsa, ya leƙa ta ramin ya hango Baba ta ciki.

"Bukar, ashe tsufa hawan tire ya mayar da kai? Bari in gyara, in ana biki a ɗora ka da goro."

"Kai dai yi ɗinki, wanda ba ya cin abinci sai mata sun yi ɓari."

"Da me zan toshe? Ƙwarya da ƙwarya ake yi wa maho."

Baba ya nuna bencin tsakiya da sanda. Dama ƙafarsa ba za ta miƙe ba muddin yana nan. Muka cire shi, maƙeri ya yanko mana faifai guda daga jikinsa da kurfinsa na yankan ƙarfe, ya daddale shi. Mati ya kwana biyu yana huda ƙananan ramuka a jere da basilla, ya ɗinke mahon da murzazziyar igiyar kaba, ɗinki kusa da kusa kamar na ƙwaryar amarya. Ni kuma na taka har Malam Madori na roƙo ragowar kwalta a gwangwani wurin leburorin tasha, muka narka muka shafe ciki da waje. Cire benci ya sa gefunan jirgin suna lanƙwasowa, sai muka gicciya reshen kanya a bayan inda Baba zai zauna, ya riƙe gefe da gefe, ya kuma zame masa majingini.

Duk wannan a tsakanin sauran ayyuka nake yi. Da safe makarantar allo, da hantsi gona, don an riga an yi shuka, ga ciyawar jaki, ga ɗiban ruwa. Tsarana suna langa a dandali bayan la'asar, ina jiyo ihunsu ina murza kaba a cinya har fatar ta saɓule. Ban ji haushi ba. Kullum na wuce bakin kogi sai na kafa tsinke a gaɓa, in ga inda ruwa ya kai.

Ruwa ya iso, jajawur da kumfa, ya haye gaɓa ya malale fadama. Muka kinkimi Baba muka sa shi a jirgi. Ko ɗigo bai shigo ba. Na tsaya a baya da gwangwala ina turawa, jirgin yana tafiya a ruwan da bai kai gwiwa ba, yana bi ta kan bado da burugu kamar ganye. Na ga bayan wuyan Baba ya miƙe. Sai gwangwalar ta taɓa gefen jirgin. Ƙarar da ta tashi kamar an buga kuge, ta bi kan ruwa har ƙarshen fadama. Garken kirinjijiya, waɗannan ƙananan agwagin ruwa, ya tashi gaba ɗaya yana fito. Baba ya gyara zama, sandarsa ta faɗi a ciki, wata ƙarar ta sake tashi. Ga ƙyalli yana haska ko'ina, ga ƙarfen ya ɗau rana yana ƙona tafin ƙafa, ga iska tana juya mu yadda ta so. Da ya miƙa hannu gefe don gwada kafa turke, saura kaɗan mu kife. Masunta suka ɗago daga kan gorunansu suna ta faɗa, sun ce mun kore musu kifi.

Washegari Sarkin Ruwa ya sa aka yi masa jagora har gindin tsamiyarmu. Ya ce, "Bukar, ruwa na jama'a ne. Ba zan bar gangar Nasara ta hana mutane abinci ba." Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, in ta yi shiru fa?" Tsohon ya yi dariya. Ya ce idonsa ya tafi amma kunnensa yana jin tarwaɗa in ta juya a laka. Ranar Juma'a ta sama da hantsi zai zauna a bakin mashigin. In ya ji zuwanmu, a mayar da jirgi gida, wuri kuma ya tafi. In bai ji ba, magana ta ƙare.

Kwana tara muke da su. Inna ta ba da tsofaffin zannuwanta, muka naɗe bakin jirgin duka da tsumma, muka bi da igiyar kaba muka ɗaure tam. Muka shimfiɗa buhunan gyaɗa a ƙasa, asabari a kai, aka samu maganin ƙara da na zafi gaba ɗaya. Ragowar kwalta muka gauraya da toka da laka muka shafe waje, har ya koma launin gaɓar kogi. Muka sa buhun yashi a goshin jirgin don iska. Na naɗe wa gwangwala fata a inda take gogar jirgi. A gaba Baba ya sa na kafa ƙaramar gwafa na ɗora bindigarsa ta harbin agwagi, da ɗan shingen ciyawa da zai ɓoye mu daga tsuntsu. Saura maganar kifewa. Baba ya daɗe yana kallon inda goransa yake rataye, sa'an nan ya ce in sauko masa da shi. Shekara biyu ba wanda ya isa ya taɓa shi. Da hannunsa ya saƙa masa raga, ya ɗaure shi a gefen dama, inda zai riƙa jingina in yana aiki. Ya ce, "Da ni ke hawansa, yanzu ya yi mini rakiya."

Daga baya na yi yawo. Na ga jiragen ciyawa na mutanen tsibiran Chadi, na hau manyan kwalekwalen Nufawa a Lakwaja, na zauna a Hartum na ga masu ƙera jirgi a bakin Nilu, na yi hira da kowannensu da harshen da ya samu, Barbarci ko Larabci ko Turanci. Kowa ya gina jirginsa ne daidai da ruwansa. Ban taɓa ganin wanda aka yi daidai da ƙafar mutum ɗaya ba sai namu.

Ranar Juma'a muka taso daga nesa, ta bayan burugu. Jama'a sun taru a tudu, an hana kowa tari. Na hango Sarkin Ruwa a kan buzu, ya karkato kunne wajen ruwa. Baba ya ce mini a hankali, "Kada ka ɗaga gwangwala sama, ja ta a cikin ruwa." Haka na yi. In kafa, in tura, in jawo ta a nutse, gumi yana shiga idona ba halin sharewa. Wata dinya, ƙatuwar agwagwar ruwa, tana kiwo a hagunmu, muka wuce ta ba ta ko ɗago ba, na ga yatsun Baba sun motsa wajen bindiga sun dawo. Muka shiga bakin mashigin. Baba ya jingina a kan goran, ya ɗauki turken farko ya danna shi a laka da ƙarfin kafaɗa, ba bugu. Ya kafa na biyu, ya zura gura a tsakani ya ɗaure. Tsakaninmu da tsohon bai fi gaba biyu ba, har ina ganin ƙudan da ke kan rawaninsa. Ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Ko sun fasa ne?"

Baba ya ce, "Salamu alaikum, Sarki. A sa wa gura albarka."

Tsohon ya zabura har carbinsa ya faɗa ruwa. Tudu ya ɓarke da dariya, muryar Mati ta fi ta kowa. Da ya nutsu ya ce, "Amin alaikumus salam. Wuri naka ne, Bukar. Amma ka ciro mini carbina."

Wurin ya zauna a hannun Baba har ƙarshen ransa. Kowace bazara sai Mati ya zo ya sake ɗinki, su yi ta zage-zagensu, Inna ta rasa wani zanen. A kakar wannan shekara muka ci dinyar farko da aka harbo daga bayan shingen ciyawa, aka aika wa Sarkin Ruwa cinya.

Bara na sa jikana ya kai ni wurin a kan babur. Mun sha tambaya kafin mu gane shi. Tun da aka gina madatsun ruwa can sama, ambaliya ta daina zuwa yadda muka san ta. Wani gefen fadamar ciyawar kacalla ta cinye, wani gefen ya bushe. Inda Baba ya kafa turakunsa gonar albasa ce, da injin ban ruwa yana ta ƙara, ba kuma wanda ƙarar ta dama. Na tambayi mai gonar ko ya san nan mashigi ne, ya ce bai taɓa jin haka ba. Ruwa ba ya bi ta nan kuma.