Sarkin Bangal da Tarin Baba

A gidanmu na haya a garin Silver Spring, can ƙasar Turawa, babu murhu, sai hita mai ƙara kamar tsohon injin niƙa. A gabanta Iya, kakata ta wajen uba, take tara mu bayan isha'i. A sanyin shekarar nan Baba ya yi ta fama da tari. Direban tasi ne, da an ambaci asibiti sai ya haɗe rai. Duk wanda ya bugo waya, Mama ta ce, "Lafiyarsa lau." Ni kuwa na ga jini a hankicinsa, tsoro ya hana ni magana.

Ran nan Iya ta ce, "Ga ta nan, ku matso, ta yau daga nesa ta zo." Wajen maƙwabciyarmu ta samo ta, wata tsohuwa 'yar ƙasar Bangal ta can gabas mai nisa, da ta taɓa koyarwa a Kano.

Wai a ƙarshen wata zuriyar sarauta a Bangal an yi wani tsohon sarki mai son waƙa. Mawaƙan fadarsa da Sanskirit suke tsara baitoci, harshen da talaka ba ya ji. A waƙoƙinsu kullum shi ne giwa, shi ne rana, maƙiyi ba ya tunkarar garinsa. Masu kwale-kwale sun hango baƙin mahaya, amma wa zai kai wannan magana fadar da ba a jin komai sai yabo? Mahayan suka shigo kamar fataken dawaki, sarki na tsakar cin abincin rana.

Iya ta ƙwanƙwasa tebur, ƙwas, ƙwas. Wallahi sai da na waiga ƙofa.

"Ta ƙofar baya ya fice," in ji ta, "ko takalmi babu, ga shinkafa a hannunsa."

Ba mu take kallo ba. Ɗanta take kallo, yana kan kujera yana danne tari.

Na ce, "Iya, ba wanda ya gaya masa?"

"Kowa na ƙaunarsa, 'yar nan. Kowa ya ce lafiya lau."

Sai na fashe da kuka. "Baba, na ga jinin!"

Mama ta daka min tsawa. Baba ya dubi Iya, ya ce, "Iya, gobe zan je."

Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da sai dai wani labarin.

Na yi shekaru ina mafarkin mahayan nan. Da na girma, mawaƙan ne suka fi ba ni tsoro, don a gida ɗaya muke kwana da irinsu, kuma ƙauna ce ke sa su. Yanzu Baba ya tsufa. In na bugo na ce ya jiki, ya ce lafiya lau, sai in ce, "Baba, ba waƙa na tambaye ka ba."