Bushiyar Iya

Yau kwana arba'in da rasuwar Yaya Sale, kuma tun ranar nake juya wata tatsuniya a raina. Tun ina yarinya ban yarda da ita ba. Har yanzu ban yarda ba, dalilin ne kawai ya canja.

A Yammedi muka tashi, ni da shi, a hannun kakarmu Iya. Idan an cire gyaɗa, da an idar da magariba sai ta hura wuta a tsakar gida, ta jawo kwando mu zauna ɓara. Ba ta bayar da tatsuniya kyauta. Sai hannu na aiki bakinta yake buɗewa. Tana da su da yawa, amma na lura akwai guda ɗaya da ba ta fito da ita sai ranar da Yaya ya dawo daga Rogo, inda ya ce mana dako yake yi a kasuwa.

Iya 'yar mahauta ce, cikin 'yan dambe ta girma. Yayyenta biyu dukan kai ne ya ƙarar da su, ɗaya har sunan uwarsa ya manta kafin ya cika. Ta sha faɗa cewa jininta ba zai sake taka fage ba.

Sai ta tura kwandon gaban Yaya.

"Angona, taya ni. Idona ya mutu."

"Ke dai tsohuwa ba kya tausayin miji. Yini na yi ina ɗaukar buhu."

"Buhu a ka ake ɗauka. Yatsu me suka yi?"

Sai ya ɗiba. Iya ba ta kallon hannunsa, wuta take kallo, ta kasa kunne. Gyaɗa a hannun mai lafiya ƙas take yi sau ɗaya. Ta Yaya sai a ji shiru, a ji shiru, can ya faki ido ya fasa ta da haƙori. A nan Iya take gyara zama.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

"Ta shigo ta zauna," in ji mu.

Wai Bushiya ce ta je damben namun daji, aka yi ta dariya, ba tsawo ba dogon hannu. Kowa miƙa hagunsa yake yi can nesa, ya tare abokin karawa yana jiran sa'a. Bushiya ta ƙi. Ta cusa kai tsakanin kafaɗu, ta manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ta rage tsawo, ta yi ta shiga. Duka na sauka a dantse, a wuya, a gadon baya, ba ta tsayawa sai ta kai ƙarƙashin haɓar Kura, sannan ta saki hannu ɗaya tak. Kura ta faɗi. Dila ya faɗi. Makaɗa suka yi ta wasa ta. Amma duk ranar da ta koma gida sai ta daɗe kafin ta warware. Yau rabin yini, gobe yini guda. Cinyoyi na rawa, wuya ya sage, numfashi guntu-guntu. Ran nan ta dunƙule, 'ya'yanta suka zo shan nono, suka zaga, suka zaga, ba ƙofa.

"Daga nan fa, Iya?" na tambaya.

"Daga nan babu. Wadda ba ta buɗe ba, me za a ce a kanta?"

Yaya ya yi 'yar dariya. "Amma dai ta kayar da Kura."

"Ta kayar."

"To."

Iyakar abin da ya taɓa shiga tsakaninsu ke nan. Ba ta tambaye shi ba, bai amsa laifi ba. Ni kuwa duka biyun nake zargi. Na ga shatin zaren dambe a wuyan hannunsa na dama idan yana alwala, na ga yadda yake cije leɓe wajen shafar kai. Tatsuniyar kuma na bi sawunta. Na tambayi ƙawayena, na tambayi gwaggonmu ta ƙauyen Turawa, ba wanda ya taɓa jin ta. Da na ce wa Iya a ina ta samo ta, cewa ta yi, "Ɓare gyaɗarki, alƙaliya."

Iya ta rasu, Yaya ya yi aure, ya ci gaba da zuwa Rogo duk kaka har ƙarfi ya ƙare. Mun sani, ba mu faɗa ba. A shekarunsa na ƙarshe wuyansa ba ya juyuwa, idan zai sallame sallah da dukan jikinsa yake juyawa. Yatsun damansa sun ƙi miƙewa, hannu ɗaya yake buɗewa a addu'a. Autarsa takan rugo ya ɗauke ta, sai ya tare ta da gwiwa yana mata wasa. Ni kaɗai na san abin da nake tunawa.

Ranar sadakar uku wasu dattawa suka zo daga Rogo, suka tsaya bakin zaure yi mana gaisuwa. Bayan an gaisa, babbansu ya ce, "Allah ya jiƙan Bushiya."

Na ce, "Baba, wa ya sa masa wannan suna?"

"Shi ya zo da abinsa, 'yata. Da farko kamar kowa yake yi, hagu a miƙe, ana ta kwantar da shi. Wata kaka sai ga shi a dunƙule. Ya ce kakarsa ce ta koya masa. Daga ranar ba wanda ya sake samun sa da duka a ka."

Na yi godiya, na koma ɗaki.

Da can na ɗauka Iya ta ƙaga tatsuniyar ne don ta tsorata shi, shi kuma ya ɗauki rabin farko ya bar mata na ƙarshe. Yanzu ina kokwanto. Mai son hani ba ta faɗin inda ake ajiye gwiwar hannu. Wataƙila tun daga ƙarar gyaɗar nan ta gane ba zai bari ba, sai ta zaɓar masa abin da zai rasa. Dantse da wuya ta bayar, ta riƙe kai. Yaya ya cika da hankalinsa, yana kiran 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Allah ya jiƙansu duka, ba wanda zan tambaya.

Jiya babban ɗansa ya dawo daga kasuwa, ya ce, "Gwaggo, yara na son tatsuniya." Na tura masa kwandon gyaɗa. Ban buɗe baki ba sai da na ji ƙas.