Jan Ɗigo a Ƙofar Malam

Sana'ata sarin fulawa da man girki. Da baro na fara, ina ɗaukar buhu daga bakin kasuwar Kurmi in tura shi cikin lunguna, har Allah ya sa na kama sito, wani kamfani ya ba ni dilancin kayansa a cikin gari. Yawancin masu sayen kayana ban taɓa ganin fuskarsu ba. Matan aure ne masu suyar fanke da cincin a cikin gidajensu, daga Madabo har Gwale. Ni iyakata soro. In yi sallama, maigida ya fito mu gaisa, in jingine buhu a bango, shi ya leƙa ciki ya dawo mini da saƙo: wai fulawar wancan karon ba ta tashi sosai ba, a canja. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba.

Wanda ya fara buɗe mini soro wani malami ne a Madabo, mai koyar da magidanta littattafai bayan la'asar. Matarsa, Hajiya, ta yi suna wajen fanke, har daga wasu unguwanni ake aikowa. Da ya ga zuwana da tafiyata na ɗan lokaci, sai ya ce wa maƙwabtansa, "Ku bar yaron nan ya riƙa kawo muku kaya, ba ya ɗaga ido." Wannan maganar ita ce jarina na gaskiya. Da ita na shiga soraye da yawa, kuma ko bayan na yi sito na yi mota, buhun gidan Malam da kaina nake kaiwa, in zauna a gefen tabarma in saurari karatu kafin in wuce.

Wata rana kamfani ya kira mu dilolinsa taro. Aka haska taswirar Kano a jikin bango, irin wadda tauraron ɗan adam ke ɗauka daga sama. Wani saurayi da aka ɗauko domin aikin ya yi bayani cewa za a haɗa taswira a kwamfuta wadda za ta nuna inda kowane buhu yake zuwa, don a san hanyar da mota za ta bi da inda ya kamata a buɗe ƙaramin sito. Sababbin unguwanni sun fito tsaf, layi bayan layi. Cikin gari kuwa rufi ne kan rufi, kamar an zubar da gero.

Bayan taro mai taswirar ya same ni. "Alhaji, cikin gari ya gagare mu. Tauraro yana ganin rufi, ba ya ganin ƙofa."

Na ce, "Wa zai riƙa ganin abin in an gama?"

"Ni da manaja. Don tsara hanya ne kawai."

Na juya ga manaja na ce ina da sharaɗi guda: babu mai zuwa ƙofar waɗannan gidaje sai ni ko wanda na aika. Ya yi dariya. "Haba Alhaji, wa zai raba ka da lungunanka? Ko kyauta ka ba mu su, ɓata za mu yi a ciki."

Na auna na ga riba. In aka buɗe sito kusa da Madabo, na huta da jigila daga bayan gari. Na amince.

Mun daɗe muna yawo da yaron nan, kuma ba zan ci amanarsa ba, ya iya aikinsa. A kowace ƙofa zai tsaya ya ɗaga waya ya jira ta nutsu. A lungu mai matsi ɗigon da ke nuna ƙofar a taswira yakan yi tsalle ya faɗa gidan maƙwabci, wani lokaci ma tsakiyar kududdufi, sai ya koma ofis ya jawo shi da hannu ya ajiye a inda ya dace. Ya tambaye ni wane lungu ne a-daidaita-sahu ke shiga, wanne ne sai baro, wanne ne ruwa ke cinyewa da damina. Ya ce kowane bayani da shimfiɗarsa, kamar a jera tabarmi ɗaya kan ɗaya: ta hanyoyi daban, ta ƙofofi daban, in ka so ka ɗaga wannan ka duba ta ƙasa. Na ji daɗin ganin abin da na shekara ina ɗauke da shi a kai ya fito a allo.

Matsala ta fara ne daga wani gurbi da manhajar wayarsa ta ƙi wucewa sai an cike shi: sunan mai sana'a. Na ce a sa sunan maigida. Mai taswira ya ce ofis sun ƙi, wai mai suya ita ce mai sana'a, kuma ana so a riƙa yi musu ihisani da sunansu lokacin salla. Sai kamfani ya haɗo mu da wata ma'aikaciyarsu, tunda mace tana iya shiga ciki. Ni na riƙa neman mata izini gida gida.

Malam ya dube ta daga inda yake zaune, ya dube ni. "Kai ka kawo ta?"

"Ni na kawo ta, Malam."

"To, ta shiga."

Ta fito da fanke a leda da sunan Hajiya a waya. Sunan da ni duk tsawon shekarun nan ban san shi ba, ban kuma nemi sani ba. Shi kansa Malam ban taɓa jin ya kama shi ba, sai dai ya ce mutanen ciki.

Aka gama taswira. Kwangilar mai taswira ta ƙare ya tafi, manajan da ya yi mini dariya aka mayar da shi wata jiha. Ƙaramin sito ba a buɗe ba. Abin da aka yi shi ne, sabon manaja ya ɗauki samari ya ba su babura da riguna masu tambarin kamfani, aka sa musu taswirar a waya, aka ce su sayar kai tsaye. Ni ko sanarwa ba a yi mini ba.

Ban ga abin da ya faru a gidan Malam da idona ba, wani tela daga cikin ɗalibansa ne ya ba ni labari. Ana tsakiyar karatu, soro cike da magidanta, wani yaro ya tsayar da babur a ƙofa, ya duba waya, ya yi sallama. Sannan ya ɗaga murya ya kira sunan Hajiya na yanka, ya ce a gaya mata ta fito, an yi ragin fulawa. Telan ya ce Malam ya rufe littafi, ya ce a tashi, sai gobe. Irin haka ta faru a gidaje da dama cikin 'yan kwanakin nan, har a wani lungu sai da aka riƙe wani maigida don kada ya doki yaron da aka aiko.

Na tafi ofis. Sabon manaja ya saurare ni yana juya biro.

"Bayanan na kamfani ne, Alhaji."

"An yi mini alkawari a ɗakin nan."

"Wa ya yi maka? Ni ban tarar da shi ba." Ya juyo da kwamfutar ta fuskance ni. Ga cikin gari nan, lungu lungu, yadda na nuna musu shi. Wasu ɗigogi kore, mafi yawa ja. "Kore masu saye ne, ja waɗanda suka daina. Ka ga mutanenka sun yi mana yawa a ja. Ko za ka taimaka ka yi musu magana?"

Na ce abin da ya kawo ni shi ne a goge sunayen matan mutane. Ya ce ba shi da ikon gogewa, sai babban ofis, shi launi kawai yake iya canjawa. Na nemi ƙofar Malam a allon, ban sha wuya ba, don ni na tsaya a gabanta aka ɗiga ta. Ja ce.

Daga nan Madabo na nufa, da buhu a mota kamar kullum. Na yi sallama. Malam ya fito, amma bai ce in shigo ba. Ya jawo ƙofar soro a bayansa, ya nuna mini dakali. Muka gaisa a natse, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa.

Na fara bayani, yadda aka yi sharaɗi, yadda aka canja manaja. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"Na san ba kai ka aiko shi ba, Alhaji," in ji shi. Bai taɓa ce mini Alhaji ba sai ranar. "Na ce wa mutane ba ka ɗaga ido, kuma har yau ba ka ɗaga ba. Amma ka kawo masu ɗagawa, kuma da bakina aka buɗe musu."

Na ce, "Ga buhun a mota, Malam."

"Mutanen ciki sun ce sun huta da suya."

Ya miƙe, ya yi mini addu'ar kasuwa, ya shiga. Na ji ya sa sakata, da rana tsaka, abin da ban taɓa ji a gidan ba.

Na ajiye dilancin kamfanin a watan. Yanzu gidajen burodi nake ba kaya, masu shago a bakin titi da allon suna a sama, kuma ciniki bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Wasu daga cikin matan sun koma suya, suna aika 'ya'yansu kasuwa su auno fulawa a kwano, da tsada. Taswirar tana nan, na ji an ce har wani kamfani an ba shi aronta.

Nakan bi ta lungun Malam in hanya ta kama. In yana waje mu gaisa, ya amsa da fara'a, ya matsa mini a dakali. Da lokacin karatu ya yi sai ya ce, "To, Alhaji, a gaida gida," ɗalibai su cire takalma su shige soro, ni in nufi mota.