Mamman Ya Kai Musu Yunwa Majalisa, Suka Yi Dariya

Bana shekara arba'in da rasuwar maigidana, Alhaji Mamman, wanda ya wakilci mutanen Isa da Sabon Birni a majalisa a shekarun fari. An ce in rubuta yabo. Ni kam fushi ne kawai ya rage mini, shi zan rubuta.

A shekarar da ya rasu, gero ya ƙone tun bai yi kai ba. Farkon mako yana birni, daga zaman majalisa sai taron kwamiti, kullum maganarsa ɗaya: a kai hatsi gabas. Ƙarshen mako kuma yana ƙauyuka. A Gangara ya tarar da mata suna tona gidan tururuwa don su kwashe ƙwayar da ta tara. Kusa da Alkalawa wani Ardo ya nuna masa shanunsa kwance, ungulu na zagaye. Gida kuwa sai dai ya shigo ya sake riga. Na sha yi masa faɗa, na ce 'ya'yansa sun kusa manta kamanninsa.

Wani mako ya ɗebo wannan hatsin tururuwa a ƙwarya, da ƙasarsa da tsakuwarsa, ya ajiye gaban 'yan majalisa, ya ce ga abin da mutanensa ke ci. Wani ya tambaye shi ko kasuwa ya zo. Aka kwashe da dariya, aka ɗage maganar, aka shiga muhawara kan sabbin motocin wakilai.

Ya dawo da zazzaɓi a jikinsa. Na roƙe shi ya kwanta.

"Za ni komawa, Hajiya," ya ce. "In ban tai ba, ko mai sa su dariyar babu."

Ya koma. A hanyar dawowa jikin ya tsananta, aka sauke shi a Isa, can ya cika. Hatsin ya iso bayan sadakar arba'in, kuma waɗanda suka yi dariyar su suka zo rabo, da makaɗa.

Da zai leƙo yau, me zai gani? Ruwan sama yana sauka, amma 'yan bindiga sun hana noma. Yunwar da fari ya kawo mana, yanzu mutum ke kawo ta. Masu wakiltarmu kuwa a waya muke ganinsu, suna ta'aziyya daga ɗaki mai sanyi. Na san Mamman: da tuni ya kama hanya, ni kuma da na sake yi masa faɗa.

Bai bar gini da sunansa ba. Bai ma ci nasara ba, kada wani ya gyara masa tarihi. Abin da ya bari shi ne tsofaffin da har yau in ɗan takara ya zo da alkawari, sai su tambaye shi yaushe rabonsa da kwana a ƙauyensu. Ban taɓa jin wanda ya amsa ba.

Allah Ya jiƙan Mamman. Sauran kuma Allah Ya tambaye su.