Gwiwar Wandon Jarumi

Har gobe ban manta da wata ranar Talata ba, a wata na biyu da fara aiki a sashen tufafi na kamfanin fim ɗin nan. Ku sababbi ku saurara, don ba na son wani ya maimaita wautata.

Muna ɗaukar fim ɗin soyayya a wani tsohon sito da ke Old Kent Road. Labarin zamanin disko ne: saurayi da budurwa sun haɗu a filin rawa, kowa sanye da takalmi mai taya, suna zagaye suna faɗuwa suna dariya. Ni kuwa bas biyu nake hawa daga unguwar Thamesmead, in iso bayana na ciwo, in wuni ina kallon mutum tamanin suna zagaya wuri ɗaya da waƙa ɗaya. Wallahi har a sujada kiɗan nan yake bi na.

Shekara talatin na yi ina ɗinki a Kano kafin in zo ƙasar Turawan nan, amma a nan ni ne ƙarami a muƙami. Sama da ni akwai Hajiya Ramatu, 'yar zangon Kumasi, mai kula da wanki da guga, ita ta samo mini aikin. Sama da ita akwai Madam, shugabar sashe. A hannun Madam takardar da zan kai ofishin shige da fice na Croydon take, ta shaidar cewa ina da aiki. Saura kwana tara wa'adin ya cika, kuma ba ta sa hannu ba.

Da safen ranar na ga wandon jarumin a rataye, irin mai faɗin ƙafa, gwiwarsa a yage, ga datti. Raina ya ɓaci. Yaya za a ce akwai tela a gida, babban mutum ya fita gaban kyamara da gwiwa a waje? Na zauna na cike yagar zare bisa zare, na wanke, na sa sitati, na goge. Ko mai wandon ba zai nuna inda aka yi gyara ba. Na rataye shi ina jiran yabo.

Hajiya Ramatu ta shigo, ta ɗaga wandon, ta dafe kai.

"Malam Sabo, ramin ya tafi ina?"

"Na rufe shi, Hajiya."

"Ka kashe mu! Jiya an yi shooting, yaron ya faɗi, wandon ya tsage. Yau yarinyan zai ɗaga shi. Rami ɗaya ne, ka ji?"

A ranar na san cewa ba a jere ake ɗaukar fim ba. Abin da mai kallo zai gani cikin minti ɗaya, kwana biyu ake yin sa, kuma dole tufa ta zama yadda take jiya, har da dattinta.

Madam ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Hoton jiya ta ajiye mini a kan keken ɗinki, ta ce nan da minti arba'in za a kira jarumi, in babu rami sai an yi cancel, wato an soke aikin ranar, ita kuma ba ta riƙe wanda ya tsayar da aiki.

Mahaifina ya koya mini cewa tela mai rufa asiri ne. Ranar na ɗauki reza na farke aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Na goga samfefa, na shafa ruwan shayi da ƙurar ƙasa, na ja zaren ya yi geza kamar na hoton. Na ji kunya ƙwarai.

Madam ta duba hoto, ta duba gwiwa, ta ce ba ta taɓa ganin yaga mai kyan wannan ba. Ranar Juma'a ta sa hannu.

Tun daga nan aka ba ni aikin tsufar da tufa. Wai wanda ya iya gyara shi ya san ta inda yadi ke mutuwa. Shekara huɗu ke nan ina yaga, gwiwar hannu, aljihu, wuyan riga, kuma na gaji.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a kada ka gyara abin da ba a ce ka gyara ba, tambaya tukuna. Da fim ɗin ya fito na kai 'yata Amina sinima. Ta raɗa mini da Turanci, wai wanne ne ɗinkin Baba? Na jira har jarumin ya faɗi, budurwar ta ɗaga shi, na nuna mata ramin.