Randa Biyu a Kan Hannun 'Yata

Jiya a aji ina yi wa ɗalibaina bayanin yadda zafi ke barin abu mai zafi ya shiga mai sanyi. Sai Gwaggo ta faɗo mini a rai, yayar mahaifina mai turara shinkafa a Kura. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma takan ce, "Zafi ba ya zama wuri ɗaya, sanyi yake bi."

Wata Asabar a shekarun baya na kai mata ziyara da 'yata, lokacin tana da shekara biyu. Gidan ya cika da ƙanshin shinkafa, tururi na tashi daga ganga. Ban ga lokacin da yarinyar ta tsoma hannu a bokitin tafasasshen ruwa ba, ihunta kawai na ji.

Matan gida suka taru a kanta. Wata ta ce a shafa manja, wata ta ruga ɗauko gishiri. Ni da na karanta kimiyya na rasa abin yi.

"Kada a shafa mata komai!" in ji Gwaggo. Ta sungumi yarinyar zuwa bakin randa, tana kwarara wa hannun ruwa da moɗa.

Na ce, "Gwaggo, ya isa haka, mu tafi asibiti."

"Bai isa ba, 'yar nan. Wutar tana cikin naman, bari ruwa ya zuƙe ta."

Sai da randa biyu ta ƙare ta sallame mu. Malamar asibiti ta ce ba don ruwan nan ba, da ƙunar ta ci yatsun. Yau 'yata da wannan hannun take rubutu.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya haskaka kabarinki.